Awon Ƙafar Zuwaira

A Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, in ka tambayi ina rumfar Safiyanu baduku, sai a tsaya ana kallonka. Amma in ka ce Sarkin Ƙofa, ko mai turin ruwa zai nuna maka da baki: bayan masallaci, kusa da ƙaton dutsen nan da aka jingina katanga a jikinsa. Can ya zauna fiye da shekara hamsin a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe, yana ɗinkin takalma da alabe da kuben wuƙa. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta unguwa. Sunan a fagen wasan kwaikwayo ya samo shi, kuma a fagen nan ya rasa matarsa, rana ɗaya, tsakanin la'asar da magariba. Mu jikokinsa mun taso mun tarar da labarin a gida, kowa da guntun da ya riƙe. In aka harhaɗa guntayen, ga yadda abin ya kasance.

Safiyanu mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Yakan wuni a rumfa bai ce komi ba sai amsa sallama. Shi ya sa mutane suka yi mamaki da aka ji ya shiga teyatur, wato wasan kwaikwayo. Zamanin samariya ne lokacin, kowace unguwa ta Damagaram da ƙungiyarta. Matasa su share hanya, su dasa itace, su yi aikin gayya, da yamma kuma a taru a koyi wasa. Abokinsa Bukar ne ya ja shi, wani dogon Babarbare mai sayar da yadi a kasuwar Dole, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana cin abinci. Bukar ya ce ya gaji da aboki mai kama da turmi, ya zo ko itace ne ya riƙa fitowa a matsayinsa. Ranar farko da aka ce Safiyanu ya tashi ya yi magana, muryar da ta fito daga ƙirjinsa ta sa awakin da ke kwance a gindin katanga suka miƙe. Shi kansa bai san tana nan ba.

Mai tsara musu wasa wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ana kiransa Mushe Yusufu kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci. Ba ya rubuta komi a takarda. Sai ya tara su a inuwar dogon yaro, ya ba su labari daga farko har ƙarshe, ya rarraba wa kowa matsayinsa, sannan kowa ya nemo maganarsa daga cikinsa. Doka ɗaya ce gare shi, kuma ba ya wasa da ita: magana ba ta faɗuwa ƙasa. In abokin wasanka ya jefo maka magana, ko wadda ba ka taɓa ji ba ce, dole ka cafe ka mayar. Wanda ya yi shiru ya bar fage ya yi sanyi, shi zai share filin mako guda. Safiyanu bai taɓa riƙe tsintsiyar nan ba, kuma yana alfahari da haka a ransa.

Lokacin yana da shekara uku da aure. Zuwaira ƴar unguwar Zango ce, mahaifinta falken kanwa ne. A rumfa suka haɗu, ranar da igiyar takalminta ta tsinke a hanyar gidan biki. Dukawa suna da al'ada: in mai ciniki ya zo, sai ya taka wani guntun kirgi, a zagaye ƙafar da gawayi, a yanke, a rataye a ƙusa, don in ya aiko neman takalmi ba sai ya zo ba. Safiyanu ya auna ƙafar Zuwaira alhali ba sabon takalmi ta zo nema ba. Ta lura, ta ce masa in gyaran igiya ma sai an yi awo, to ranar da za ta sayi sabo sai ta zo da shaidu. Awon nan dai bai rataye shi tare da na sauran mutane ba. Ƙusa dabam ya kafa masa.

Ita mai surutu ce da kwaikwayon mutane. Takan yi tafiyar liman, ta yi muryar mai tallar kifi, har surukarta ta yi dariya tana cewa Allah ya shirye ki. Suna da ɗiya ɗaya, Ramlatu, tana goye.

A shekarar da za a yi gasar unguwanni, Mushe Yusufu ya kawo musu labarin wani mai tsaron ƙofar birni na zamanin da. An rufe ƙofa, doka ta hana buɗewa, sai ya ji muryar ƙanensa a waje yana roƙo. Ya buɗe. Ashe mahara na biye da ƙanen, suka kutso, suka yi ɓarna, aka rasa rayuka. Da aka gurfanar da shi gaban Sarki aka tambaye shi wa ya buɗe wa, ya ƙi faɗa. Ya ce shi ke riƙe da mabuɗi, laifin nasa ne shi kaɗai. Aka yanke masa kora zuwa daji, ba rawani, ba takalmi, ba dawowa. Kafin ya fita sai ya saki matarsa Inno saki uku, don kada ta bi shi ta mutu a hanya, don kuma kada a riƙa nuna ta ana cewa ga matar maci amana.

Safiyanu aka ba Sarkin Ƙofa, Bukar ƙanen, wata budurwa mai suna Sa'a ita ce Inno. Wata biyu suna maimaitawa kullum bayan la'asar. Safiyanu ya ɗauki abin da zafi. A gida yana cin tuwo yana gunaguni, yana neman yadda mutum zai tsaya in an kwance masa rawani a gaban jama'a. Zuwaira tana daka tana saurare, har ta haddace komi. Takan ajiye taɓarya ta kwaikwayi kukan Sa'a, ta ce wannan ai ba kukan matar da za ta rasa miji ba ne, kukan wadda aka hana ta zuwa kasuwa ne.

Saura kwana biyu gasa, aka aiko daga Garagumsa cewa mahaifiyar Sa'a ba lafiya, aka tafi da ita. Hankalin ƙungiya ya tashi. An gwada ƴanmata biyu, ɗaya ta kasa daina dariya, ɗaya muryarta ba ta wuce hancinta. Bukar ne ya ce to ai ga Zuwaira, ta fi Sa'a sanin Inno. Mushe Yusufu bai yarda ba. Shi ya fara hango abin, ya ce miji da mata na gaskiya ba su yin wannan fitowar, kalmar saki ba abin wasa ba ce a bakin mai aure. Aka zauna aka yi shawara, aka gyara ƙarshen. Sarkin Ƙofa ba zai ce komi ba. Zai cire takalmansa, ya ajiye a gaban Inno, ya juya ya tafi, ita kuma ta durƙusa tana kuka. Sau biyu suka gwada haka, ya tafi daidai. Mahaifin Zuwaira ya yarda da ƙyar, don an ce masa da mijinta za ta fito.

Ranar gasa filin ya cika har bisa katanga. An kewaye fage da zana, an yi ƙofar birni da kara da tabarmi, masu yanke hukunci suna zaune a tebur da takardunsu. Wasa ya tafi lafiya. Bukar ya yi roƙon da ya sa mata suka fara tsaki suna zaginsa. Da aka kwance wa Safiyanu rawani, zagaye bayan zagaye, filin ya yi tsit har ana jin kukan tantabaru. Ya zo gaban Zuwaira, ya sunkuya ya cire takalman, ya ajiye, ya juya.

Sai ya ji an riƙe masa gefen riga.

Wannan ba ya cikin shiri. Zuwaira ta miƙe tsaye, hawaye na zuba na gaske, ta ce da muryar da kowa ya ji:

"Ba inda za ka ba ni. In daji ne, mu tafi dajin. Ƙafarka ba ta fi tawa sanin ƙaya ba."

Magana ta taso, tana sama, tana jiran mai cafewa. Safiyanu ya waiwaya. Abin da ya gani ba Inno ba ce. Zuwaira ce, da ɗan tabon ƙuna a hannunta na hagu, da ɗan kunnen da ya saya mata ranar suna. Ya ga kamar da gaske za ta bi shi cikin rana da ƙishirwa, Ramlatu a baya, kuma shi zai zama sanadin mutuwarsu. Maganar da ya maimaita sau arba'in ta zo bakinsa da kanta, ya dube ta cikin ido ya ce:

"Na sake ki. Na sake ki. Na sake ki. Koma gidan ubanki ki rayu."

Ya fizge rigarsa ya fita ta ƙofar kara, ƙafa ba takalmi. Fili ya ɗauki kuka da tafi. An ce har ɗaya daga cikin masu yanke hukuncin ya cire tabarau yana goge ido. Unguwarsu ta zo ta ɗaya, aka ba su kofi, matasa suka ɗaga Safiyanu sama. Mushe Yusufu kaɗai ne bai yi tafi ba. Yana tsaye a bayan zana, hannu a ka.

Kafin a watse, wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko wannan ba matarsa ba ce ta sunna. Washegari Alhamis ce, babbar ranar kasuwar Dole, kafin azahar maganar ta gama gari. Da yamma mahaifin Zuwaira ya aiko a ɗauke ta da ɗiyarta, ya ce ta zauna gida har malamai su duba.

Kwana uku bayan haka aka zauna da hantsi a zauren mahaifinta. Malamai biyu ne. Dattijon ya ce shi abin da ya karanta, saki yana aukuwa ko da wasa aka furta shi, kuma an furta uku a gaban shaidu fiye da dubu. Ƙaramin, wanda bai daɗe da dawowa daga neman ilimi ba, ya ce akwai mafita. Mai ba da labarin wani, in ya maimaita maganar wancan, ba tasa ba ce. Suka yi ta ja, suna buɗe littattafai, har dattijon ya sassauta. Ya ce to, a kawo Alƙur'ani. Safiyanu ya dafa ya rantse cewa lokacin da yake furucin, a zuciyarsa da Inno ta cikin labari yake, ba da matarsa ba. In ya rantse, ya ɗauki iyalinsa su koma gida yau.

Kowa ya saki ajiyar zuciya. Bukar har ya fara murmushi. Zuwaira tana bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, tana jin komi.

Safiyanu ya yi alwala, ya dawo, ya zauna gaban littafin. Ya daɗe yana kallonsa. Ya nemi Inno a cikin zuciyarsa, ya koma filin, ya sake waiwayawa, kuma duk waiwayar da ya yi tabon ƙunan nan yake gani. Da Sa'a ce a gabansa, da rantsuwar ta yi sauƙi, amma kuma da filin bai yi kuka ba. Ya san abin da ya sa maganar ta fito yadda ta fito. Yadda zai faɗi wannan a gaban surukinsa da malamai ne bai sani ba, shi da ko sunanta ba ya kira a gaban manya. Sai ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

"Ba zan iya ba, Malam."

Surukinsa ya tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa. Ya ce ya sani. Mushe Yusufu ya sa baki, ya ce a yi adalci, yarinyar ce ta fita daga shiri, ita ta riƙe riga, doka kuma tasa ce shi Mushe, shi ya hana su shiru. Safiyanu ya katse shi. Ya ce kada wanda ya sake ambaton Zuwaira a cikin wannan, bakinsa ne ya furta, ba wanda ya matse masa wuya. Daga bayan ƙofa aka ji an ajiye kwano da ƙarfi, aka ji takun tafiya.

Saƙon da ta aiko masa ta bakin yayarsa Rakiya gajere ne. Ta ce a gaya masa ta gane: Sarkin Ƙofa ya fi ta daraja a wurinsa, ya ga an yi masa tafi don ya ƙi magana gaban Sarki, shi ne yake son a sake yi masa. Maganar ta soke shi, don bai tabbata ƙarya ce gaba ɗaya ba. Shekaru da yawa yana juya ta yana ɗinki.

Da idda ta kusa cika, Bukar ya zo rumfa ya zauna, ya rage murya, abin da bai saba ba. Ya ce shi ya jawo wannan, shi zai gyara. Za a ɗaura masa aure da Zuwaira, ba zai ko taka ƙofar ɗakinta ba, bayan kwana biyu ya sake ta, ta yi idda, ta koma ɗakinta. Mutane suna yi, ana kiransa kisan wuta, ba wanda ya mutu.

Safiyanu bai ɗago daga takalmin da yake huda ba.

"Wato mu sake shirya wani wasan, kai miji, ita amarya, liman mai yanke hukunci."

"Kai dai ka cika taurin kai kamar kirgin da ba a jiƙa ba. Ɗiyarka fa?"

"Wasa ɗaya ya ishe ni, Bukar. Ba zan sa a yi da ita na biyu ba."

Bukar ya tashi yana faɗa, ya ce Allah ya haɗa shi da aboki wanda ko rijiya ya faɗa sai ya tsaya tambayar ta wace ce kafin ya kama guga. Wata guda ba su gaisa ba. Daga baya ya dawo da kansa, da goro a aljihu, ya zauna kamar ba a yi komi ba.

Zuwaira ta yi shekara guda a gida, sannan ta auri wani manomi na ƙauyen Droum mai suna Suma'ila, wanda matarsa ta rasu ta bar shi. Mutumin kirki ne, mai garka, yana noman rake da albasa. Ranar da motar kaya ta ɗauke ta, Safiyanu bai buɗe rumfa ba. Bai sake taka fagen wasa ba, ko kallo. Ƙungiya ta tafi babbar gasa ta ƙasa da wani a matsayinsa. Sunan dai ya manne masa. Da farko in an kira shi Sarkin Ƙofa sai ya ɓata rai, daga baya ya gaji ya riƙa amsawa.

An yi ta kawo masa maganar aure. Rakiya ta gaji da kai masa tuwo, ta ce ita ba ta haifi gwauro ba, ba za ta mutu tana yi wa gwauro girki ba, amma ba ta fasa kaiwa ba. Da Ramlatu ta kai shekara bakwai aka dawo da ita Birni don lakwal, ta tashi a hannun Rakiya, hutu kuma ta tafi Droum. Kowace Salla yakan ɗinka mata jan takalmi. In ta dawo daga hutu ba ya tambayar uwarta. Sai dai ya ce, mutanen gidan suna lafiya? Ita kuma ta gane, sai ta yi ta ba da labari tana kallon wani wuri: Inna ta yi ƙiba, Inna ta haifi namiji, Inna ta sa duk matan Droum dariya a gidan suna. Yana ɗinki yana ji.

Wata Alhamis Suma'ila da kansa ya zo rumfar, da takalmi tsinkakke a hannu da sandar rake biyu. Ya yi sallama, ya ce an ce masa nan ne ake gyaran da ba ya warwarewa. Duk maƙwabta suka miƙa wuya. Safiyanu ya shimfiɗa masa buzu, ya gyara takalmin, suka yi hirar damina da tsadar ruwa a birni. Daga ranar, shekara da shekaru, Suma'ila ba ya shigowa gari bai biya ba. Ba su taɓa ambaton Zuwaira ba. Awon ƙafarta yana rataye a ƙusarsa, bayan wata tsohuwar jakar fata, ya bushe ya lanƙwashe. Safiyanu bai taɓa yanka fata a kan awon ba. Ya ce wa Bukar matar wani ce, ba shi da hurumin sanin girman ƙafarta.

Shekara ashirin da bakwai aka yi haka. Samariya ta watse, filin wasan aka gina shaguna a kansa, Mushe Yusufu ya yi ritaya ya rasu. Sannan Suma'ila ya kwanta ciwo damina guda, Allah ya karɓi abinsa. Safiyanu ya je jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya yi wa maza ta'aziyya ya dawo.

Bayan Zuwaira ta fita takaba da wata biyu, ya sauko da awon. Ya jiƙa shi, ya danne da dutse har ya miƙe. Ya je majema da kansa ya zaɓi jar fatar akuya, ya yi mako guda yana ɗinki, ba ya karɓar aikin kowa. Sannan ya aiki Bukar Droum. Bukar, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya dawo da yamma yana dariya tun daga bakin lungu. Ya ce ta ba shi fura, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce bakin da ya kore ta ba na Bukar ba ne, don haka ba na Bukar ne zai dawo da ita ba.

Da safe Safiyanu ya shiga mota. Ya same ta a tsakar gida tana tsinke zogale, Ramlatu na gefe, don ta zo taya ta zama. Gashinta ya yi fari a gefen kallabi. Suka gaisa gaisuwar tsofaffi, doguwa, har ta ƙare ba abin da ya rage. Ya kwance ƙunshin ya tura mata takalman. Ta juya su, ta duba ɗinkin, ta sa ƙafa. Yatsun suka shiga, diddige ya tsaya a waje. Ta gwada ɗayan, haka.

"Wannan na wata yarinya ce ƴar Zango," in ji ta. "Ni shekara ashirin da bakwai ina taka garka. Ka zaci ƙafar tana rataye a ƙusa tana jiranka?"

Ramlatu ta tashi ta shige ɗaki tana toshe baki. Safiyanu ya rasa inda zai sa ido. Ya laluba jakarsa, ya fito da guntun kirgi da gawayi, don baduku ba ya tafiya ba su. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. Ta ɗan yi jinkiri, sannan ta ɗora ƙafar. Yana cikin zagayawa ta yi tambayar, a hankali, ba wasa a muryarta.

"Baban Ramlatu, me ya hana ka rantsewa?"

Bai ɗago ba. Gawayin ya tsaya a gefen ɗan yatsanta.

"Malam ya ce in rantse Inno na gani. Na nema, ban same ta ba. Ke na gani. Da ke nake, don kada ki bi ni ki wahala."

Kaza ta zo ta fara tsattsagar zogalen ba wanda ya kore ta, sannan Zuwaira ta ce:

"Shi ne ba ka faɗa ba."

"A gaban Baba?"

"To da ka aiko Rakiya. Da na zage ka sau ɗaya na huta." Ta goge ido da bakin zane. "Ni ma na riƙe rigar, ai. An ce in durƙusa, na ƙi. Kullum sai na tuna."

Ya ce wannan ba laifi ba ne, duk wasan ba a yi magana mai kyau kamar tata ba. Ta ce ya gama awonsa ya tashi, kafin gwiwar ta ƙi miƙewa a ce ita ta karya shi.

An ɗaura aure bayan Salla ƙarama, ba kiɗa, sai goro da dabino. Bukar ne wakilin ango, ya yi ta gaya wa mutane cewa shi ya haɗa, shi ya raba, shi ya sake haɗawa, saura a naɗa shi alƙali. Suka zauna shekara tara a gidan Birni. Ba za a ce ta manta ba. Takan ambaci Suma'ila da alheri a gabansa, shi ma ya taya ta. In sun yi saɓani kuma, sai ta ce masa ya yi a hankali da bakin nan, ta san aikinsa.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, wata malamar lise, wato sakandare, mai suna Hafsa ta zo da littafi da biro. Ta ce ɗalibanta suna son su farfaɗo da wasan, an ce ba a rubuce yake ba, sai a kansa. Ya zauna ya ba ta tun daga rufe ƙofa har kwance rawani, yana yi muryar nan tana dawowa kaɗan-kaɗan. Da ya kai wurin cire takalmi sai ya tsaya, ya ce daga nan ya manta.

Zuwaira tana bakin murhu. Ba ta juyo ba ta ce wa malamar ta rubuta: ya ajiye takalma, ya juya, Inno ta riƙe masa riga ta ce ba inda za shi ba ita.

Malama Hafsa ta rubuta, ta tambaya sai shi kuma ya ce me.

"Bai ce komi ba," in ji Zuwaira. "Ya yi shiru, ya share fili mako guda. Ta ɗauki takalman ta bi shi."

Safiyanu ya buɗe baki, ya dube ta, ya rufe. Haka aka rubuta, haka ɗaliban suka yi shi.

Yanzu rumfar wani mai gyaran waya ne a ciki. Kayan aikin an raba wa dukawan unguwa, amma awon nan biyu Kaka Zuwaira ta hana a taɓa. Suna rataye a ɗakinta a ƙusa ɗaya, ƙaramin a gaba, babban a baya, gefensa ya leƙo ta ko'ina.